Wayar da Na Kashe wa Hajiya Indo

Duk yaron da aka kawo mini koyon gyaran waya, tambayarsa ta farko ita ce wata nawa zai yi kafin ya buɗe nasa shagon. Nakan ce masa ya nemi benci ya zauna tukuna. A ganinku aikin bai wuce a ɓamɓare fasasshen gilashi a manna sabo ba, sai a goge da gefen riga a miƙa wa mai shi. Akwai wannan a ciki, ban musa ba. Amma tunda yau babu wuta, janareta kuma ya ce ba da shi ba, bari in ba ku labarin yadda na yi suna a unguwar Yerimaram a matsayin mai kashe wayoyin mutane.

Ni ba da waya na fara ba, da rediyo na fara. Mahaifina ɗan tireda ne, iyayensa daga Kano suka zo Potiskum fataucin goro suka zauna. Da ya lura duk abin da aka ajiye a gida sai na kwance shi, kuma ba na iya mayarwa, sai ya kama hannuna ya kai ni rumfar Baba Kyari, wani dattijo Babarbare mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya ce masa, "Ga shi nan, ya riga ya iya rabin aikin."

Aikin da ba na mantawa a rumfar nan na wani manomi ne. Ya shigo da rediyo a cikin buhu, ya ce ya daina magana. Ni har na ɗauko batir zan zuba masa in ji, sai Baba Kyari ya ɗora hannunsa a kan nawa. Manomin ya ci gaba. Ya yi zancen damina, ya yi zancen gero, ya yi zancen wani maƙwabcinsa da ba ya ɗaure dabbobinsa. Sai can wajen ƙarshe ya ce akuyar maƙwabcin ce ta ture rediyon cikin randa da safen nan. Da na sa batir da ya ƙone ƙurmus. Bayan mutumin ya tafi, Baba Kyari ya dube ni ya ce, da Hausarsa da ba ta san mace ba, "Ka ji ko? Akuya ne ya fara aikin, kai kuma kana so ka ƙarasa masa. Rediyo ba ya gudu, yaro. Ka bari mai shi ya gama magana." Muka shanya rediyon a rana, washegari ya kama tashar da ya saba.

Da waya ta shigo gari rediyo ya fara ja da baya, sai na bi waya. Kayan aikin kusan duk ɗaya ne, sai dai komai ya ƙanƙance. Sukundireba ta koma kamar tsinken sakace, ƙarfen narka dalma ya koma mai bakin allura. Sai hantsaki, da mita, da tsohon buroshin goge baki, da kwalbar sifirit, da gilashin da ke ƙara wa abu girma. Sai farantin silba da nake zuba noti a ciki, domin notin waya in ya faɗi ƙasa a kasuwar nan to ya tafi ke nan, sai dai a bi shi da addu'a. Farantin nan da kuke yi wa dariya ya girmi yawancinku.

Shekarun da na fi jin daɗin sana'a su ne shekarun baƙar wayar nan ta ma'aikata. Ba ku riske ta sosai ba. Faffaɗa ce, maɓallai a jere a gabanta kamar ƙwayar masara, da wani ɗan ƙwallo a tsakiya da ake murzawa da babban yatsa. Manyan kamfanoni ne suke raba wa ma'aikatansu ita: bankuna, masu siminti, masu lemon kwalba, masu maganin dabbobi. In ka ga mutum ya ajiye ta a kan teburin mai shayi, ba kira yake jira ba, so yake a san yana da albashi.

Ciwonta ɗaya ne, ɗan ƙwallon nan. Wani akawun banki ya taɓa kawo mini tasa yana huci, wai jabu aka ba shi, ba ta hawa sama sai dai ƙasa. Na ciro ƙwallon da hantsaki na sa gilashi na duba. Man tsire ne da yaji suka daskare a jikin 'yan tayoyin da ke kewaye da shi. Na wanke da sifirit na mayar. Ya tambaye ni me ya same ta, na ce zafin gari ne. Ya ce ai dama ya sani. Daga nan ya riƙa turo mini abokan aikinsa, kuma dukansu zafin garin nan ne ke damun wayoyinsu, wani da ƙuli-ƙuli a ciki, wata da lalle.

Har ta kai in dai irin wannan wayar ce, daga unguwar Dogo Nini har ƙauyukan da ke cin kasuwar shanu, wurina ake kawowa. Sai na yi abin da duk mai hankali zai yi, na je Kano na kwaso kayanta. Maɓallai, ƙwallaye, murafu, batura, har da tsofaffin wayoyin da ake cirar kaya a jikinsu. Na cika durowa, na cika kwali, na zauna ina jiran arziki.

Arziki bai zo ba, sanarwa ce ta zo. Kamfanonin nan, ɗaya bayan ɗaya kamar sun haɗa baki, suka ce sun daina wannan wayar, sun koma ta shafa, wadda gabanta duk gilashi ne. Kowane ma'aikaci ya mayar da tsohuwa ya karɓi sabuwa. Sabuwar kuwa manne take da gam, babu notin da za ka kama, kuma an gaya musu in ta lalace hedikwata za a aika ta, duk wanda ya kai ta rumfar bakin titi ya kuka da kansa. Rumfar bakin titi ni ke nan. A shekarar na koyi gyangyaɗi a zaune ba tare da hula ta faɗi ba. Akawun bankin nan in ya zo wucewa sai ya ɗago mini hannu da sabuwar wayarsa a ciki, don in gani. Na tsorata ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, domin ga iyali, kuma ban iya wata sana'ar ba.

Ana cikin haka, wata Litinin, sai ga Lawan. Lawan ɗan ƙauyen Danchuwa ne, ɗan manoma, shi kaɗai ne mai albashi a gidansu. Yana aiki da wani babban kamfanin maganin dabbobi, shi ne mai zagaya makiyaya da dillalan shanu a kan babur. Na san shi, don da yakan kawo wayarsa, daga baya ya daina. Ya gaishe ni, ya zauna, ya sake gaishe ni. Na ƙyale shi.

"Malam Sale," ya ce, "kana da irin wayar nan tamu ta da?"

"Kwali guda. Ka zo da buhu?"

"Guda ɗaya nake so. Amma lambar nan ta ƙarƙashin batir, ana iya canza ta?"

"Ba na taɓa ta. Ko an canza ta takardar, akwai ta cikin inji, kuma ita za su duba."

Ya riƙa murza makullin babur. "Ranar Juma'a za su zo karɓa. Wanda bai kawo tasa ba, sun ce ya sayar da kayan kamfani ke nan. Kora ce kai tsaye."

"To taka ina take? Faɗuwa ta yi?"

"Ba ta faɗi ba."

"Sacewa aka yi?"

"Da sacewa aka yi ai da sauƙi."

Sai ya kwance mini zancen. Lokacin aurensa, ana haɗa lefe, gwaggonninsa suka ce yanzu a Yerimaram, unguwar su amarya, ba a kai akwati babu babbar waya a ciki, ga shi gidan 'yan kasuwa zai shiga, kada a raina su. Lawan ya duba aljihunsa, ya duba wayar kamfani. Ya cire layinsa ya sa a wata 'yar ƙarama mai tocila, ya goge babbar tsaf, aka sa ta a akwati tsakanin atamfa da turare. A tunaninsa ai matarsa ce za ta riƙe, waya tana cikin gidansa, duk ranar da aka tambaya sai ya miƙa hannu kawai. Rahoton aiki kuwa ya riƙa turawa ta wayar abokin aikinsa, ba wanda ya taɓa tambaya.

Abin da ya manta shi ne, in lefe ya sauka, amarya takan ɗan fitar wa nata. Binta, amaryar, ta ga mahaifiyarta, Hajiya Indo, tana juya wayar tana shafa maɓallan, sai ta ce, "Inna, ki riƙe ta." Hajiya Indo kuwa idonta ya fara hazo. Ta samu wayar da za ta kira 'yan'uwanta na Kano da masu sayen atamfarta da laluben yatsa, ba sai ta roƙi kowa ya danna mata ba. Tun daga ranar ba ta rabu da ita ba.

"To ka je ka roƙe ta mana," na ce, don dai in ji abin da zai ce.

Ya dube ni kamar na ce ya shiga masallaci da takalmi. "Malam Sale, surukata fa. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. In je in ce kayan da na kawo a lefe na aro ne, a ba ni abina?"

"Tura Binta."

"Ta ce gara a kore ni. Kuma ko ta karɓo, ka san abin da ake nufi in kayan lefe ya fito daga gidan surukai ya koma hannun miji. Kafin gobe gari ya ɗauka an fara mayar mana da kaya."

Na sani. Babu sifirit ɗin da ke wanke wannan. Na ce masa ya je ya yi ta addu'a, abin da mai gyara ke faɗa ke nan in aiki ya fi ƙarfin kayan aikinsa.

Ranar Laraba, gari ya cika da hayaniyar kasuwar shanu, sai keke napep ya tsaya a bakin rumfata. Wata doguwar dattijuwa ta sauko, da farin tabarau mai kauri. Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta ciro waya daga jaka ta ɗora a tebur. Maɓallan sun sha hannu har haruffan sun goge.

"Kai ne Sale mai gyara?"

"Ni ne, Hajiya. Sannu da zuwa."

"Ni ce Indo ta Yerimaram, mai atamfa. Wayata ce ta mutu."

Ga wayar Lawan a tafin hannuna, ga mai riƙe da ita ta ce da bakinta ta mutu. Shaiɗan ya matso ya ce to me kake jira? Na ce masa shi ma ya nemi benci. Ban taɓa ce wa mai kaya lafiyayyen abu ya mutu ba, kuma ba a kan tsohuwa mai ciwon ido zan fara ba. Na danna, nan take ta kawo wuta.

"Hajiya, ai ga ta ta kawo."

"Ni ban gani ba."

Na karɓi lambarta na kira. Wayar ta ɗauki ƙara har mai rake na tsallaken titi ya waiwayo.

"Ga shi kuma tana ƙara."

"Ni ban ji ba."

Na buɗe murfi, na gwada batir da mita, na sa caja, na murza ƙwallo sama da ƙasa. Tunda nake gyaran irin wayar nan ban taɓa ganin mai tsabtarta ba, ko ɗigon mai babu.

"Wallahi Hajiya lafiyarta ƙalau. Ta fi ni lafiya."

Ta dube ni ta saman tabarau. "An ce mini a wurin Kyari ka koyi aiki."

"Haka ne."

"Shi ke gyara wa marigayi maigidana rediyo. Mutum ne marar garaje, Allah ya jiƙansa."

Sai na ajiye sukundireba, na naɗe hannu.

Ta yi zancen tsadar atamfa. Ta yi zancen direban keken da ya biyo da ita ta cikin shanu. Ta ce idon nan nata likita ya ce sai an yi aiki, ita kuma ba ta shirya ba. Sannan ta ce, tana kallon titi, "Yarinyar nan Binta ta zo mini jiya, tana ta share-sharen da ban sa ta ba. Wai a gidansu tuwo kwana yake yi ba a ci ba. Ban tambaye ta dalili ba, ba a tambayar irin wannan. Amma akwai matan ma'aikata cikin masu sayen atamfata, kuma bakinsu ba ya rufuwa." Ta gyara lulluɓi. "Ɗan nan, in abu ya mutu a hannun mai gyara, ina ake kai shi?"

"Kwalin tarkace, Hajiya."

"Wa yake bin sawunsa?"

"Babu kowa."

"In wani ya zo ya tsince shi a kwalin, daga gidana ya fito?"

"Daga kwalina ya fito."

"To sake dubawa."

Na ɗauki wayar, na sa gilashi a ido, na daɗe ina kallon injin da babu abin da ya same shi. Na cire batir na ajiye gefe.

"Hajiya, sai haƙuri. Ta mutu."

"Inna lillahi," ta ce, da muryar mai tambayar kuɗin albasa. "Ba ta tashi?"

"Ba ta tashi."

"Haka Allah ya so."

Ta miƙo hannu ta shafa maɓallan kafin ta tashi. Na ga yatsanta ya je kan wani da ya lotsa ya tsaya. "Wannan ƙanwata ce ta Kano," ta ce. Ya matsa gaba. "Wannan Binta." Ta fara laluben jakarta. Sai a lokacin na gane abin da take bari a teburin. Daga yau sai ta jira wani ya shigo gida kafin ta ji muryar ƙanwarta. Tausayinta ya kama ni.

"Hajiya, dakata. Inji ne ya mutu, rigar ba ta mutu ba."

Na jawo kwalin Kano. Na tono inji mai kyau, na sa masa layinta, na kwashe mata lambobinta na zuba a ciki. Na ciro maɓallanta da suka goge, da ƙwallonta, da murfinta mai ɗan tsagu a gefe, na ɗora su a kan wannan injin. Na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa mini wa ke kan wanne, ina mayar da kowa ɗakinsa. Injin kamfani kuma na sa masa sabuwar riga na jefa a kwali a gabanta. Ranar ce kaɗai a shekarar kayan nan suka yi mini rana.

Ta karɓa, ta rufe ido, ta danna lotsattsen maɓallin. Muka ji ƙanwarta ta yi sallama daga Kano. Ta kashe.

"Ta ɗan fi waccan nauyi."

"Sabon batir ne, Hajiya."

"Ban tambaye ka ba."

Da la'asar na kira Lawan a 'yar wayarsa mai tocila, na ce ina kakkaɓe kwali na ci karo da wata matacciya, ya zo ya duba ko lambarta ta yi masa. Ya zo, ya buɗe murfi, ya karanta lambar, ya sake karantawa. Ya nemi benci.

"Malam Sale, wa ya kawo ta?"

"A kwali na same ta."

"Ta ce wani abu?"

"Kwali ba ya magana."

Ya sunkuyar da kai. Ni kuma na juya ina neman wani noti da bai ɓata ba. Ranar Juma'a ya miƙa wayar, aka duba lamba, aka ba shi ta gilashi. Har yaba masa aka yi, wai ya iya riƙon kaya.

Kuna tsammanin an gama ke nan. To, labari irin wannan ba ya zama daram sai da mai laifi. Hajiya Indo ba za ta yarda surukinta ya ɗauka ta san komai ba, domin in ya ɗauka, ba zai sake iya taka ƙofar gidanta ba. Ba ta ɗora wa Lawan ba, ba ta ɗora wa kamfani ba, ni ta zaɓa. Duk gidan suna da gidan biki a Yerimaram sai ta ba da labarin yadda ta kai wa Sale wayar lefen 'yarta don ɗan ƙaramin gyara, ya kashe ta murus, ya lallaɓe ta da wata tsohuwa daga kwali. Matan unguwar suka ɗauke mini ƙafa, a shekarar da ko ƙuda ya shigo rumfata sai na yi masa sannu da zuwa. Na ji haushi, sosai ma. Amma bakina a ɗaure yake, in na wanke kaina na tona mutum biyu.

Haka na lallaɓa. Na koma Kano da furfurata na zauna gaban yaran da na isa in haifa suka koya mini yadda ake gasa gam da iska mai zafi a ɗaga gilashi ba tare da ya tsage ba. Kamfanonin nan sun sake canza waya, sun kuma sakewa, ni dai ban ƙara cika kwali da kayan kowa ba. Lawan yana nan a wurin aikinsa, yanzu shi ke tura wasu a babur. Hajiya ta rasu, Allah ya jiƙanta, shi ya sa ma kuke jin wannan.

Zuwanta na biyu nake yawan tunawa. Bayan 'yan makonni ne, ta zo sayen caja, ta tarar da mutum biyu a benci. Tun daga bakin keke ta fara. "Au, har yanzu akwai masu kawo masa? Ku kuna da ƙarfin hali." Na miƙa mata cajar. Ta sunkuyo kamar mai duba bakinta, ta rage murya.

"Yaron nan na Danchuwa, yana wurin aikinsa?"

"Yana nan, Hajiya. An ba shi sabuwa."

"Mai maɓalli?"

"Ba ta da ko ɗaya."

"Madalla. Ka ce ya riƙe ta a aljihunsa."

Ta miƙe, ta gyara lulluɓi, ta dubi mutanen da ke benci. "Ku dai ku yi hankali da shi," ta ce, ta hau kekenta.